Saidu Keita, mai hoton Bamako, da akwatin ƙarfensa

Da wuya a shiga gidan da ya kwana biyu a Maraɗi ko Damagaram a rasa wani tsohon hoto baƙi da fari, ko rataye a bango, ko a ƙasan akwati ƙarƙashin zannuwa: kaka ta ci ado, ta kafa ɗaurin kallabi, ta ɗora hannu bisa gwiwa don zobe ya fito. Wadda ke cikin hoton mun san ta, amma da za a tambaye mu wa ya ɗauka, sai mu yi shiru. To yau tarihin ɗaya daga cikin masu wannan sana'a muka kawo muku, mutumin Bamako, Saidu Keita. Mutanen jihar Tawa kada ku yi saurin cewa naku ne, wannan Keita sunan zuri'a ne a ƙasar Mali.

An haife shi a Bamako wajen shekarar 1921, zamanin da Nasara ke kiran ƙasar Sudan ta Faransa, lokacin da mu da su duka daga Dakar ake juya mu. Shi ne babba cikin ƴaƴa biyar. Bai shiga lakwal ba. Tun yana yaro aka sa shi gaban mahaifinsa da baffansa yana koyon aikin kafinta, ana fiƙe katako ana haɗa kujeru da gadaje. A 1935 baffan nasa, Cemoko, ya dawo daga tafiya Senegal da wata ƴar kyamara Kodak Brownie, da fim mai ɗaukar hoto takwas a cikinta, ya ba shi. Da ita ya fara, yana ɗaukar ƴan gida da abokan aikin kafinta, yana ɓata fim yana koyo. Kayan aiki yana sayensu a kantin wani Bafaranshe, Pierre Garnier, wanda ke sayar da kayan hoto a Bamako, kuma ya ƙaru da shi. Wanda ya nuna masa sirrin wanke hoto kuwa wani mushen lakwal ne mai suna Muntaga, da ya riga shi shiga sana'ar.

A 1948 ya buɗe wurin kansa cikin gidansu, a unguwar Bamako-Kura, wato sabuwar Bamako da harshen Bambara. Duk ɗan kasuwa ya san rabin ciniki wurin zama ne, kuma Saidu ya dace da wuri. Gidan na bayan babban gidan kaso, ba nisa da gar ta jirgin ƙasa mai zuwa Dakar, ba nisa da babbar kasuwa, ga kuma gidan silima. Matafiyi da ya sauka daga jirgi, da ƴar kasuwa da ta sayar ta samu riba, da saurayin da ya fito kallon silima yana son ya yi kama da wanda ya gani a majigi, duka ta ƙofarsa suke bi.

Yanzu bari mu tsaya kan kyamarar, don wanda bai san ta ba ba zai gane girman aikin mutumin nan ba. Mu da muka tashi a ƙarshen zamanin fim mun san ƙaramar kyamara ta rataya a wuya, wadda mai hoto ke yawo da ita ranar salla, fim ɗaya hoto 36. Ta Saidu wata aba ce daban. Akwati ne babba bisa ƙafa uku, gaba da ido na gilashi, baya da wani gilashi mai dishi-dishi, tsakaninsu kuma fata mai naɗewa kamar zugazugin maƙeri. Fim ɗinta ba naɗi ba ne, falle-falle ne, kowane falle santimita 13 a 18, ya fi tafin hannun babban mutum. Fili ɗaya na wannan falle ya kai na ƙaramin fim sau 27. Shi ya sa a hotunan Saidu ake ƙirga zaren kitso, ake ganin saƙar shadda da aikin surfani a wuyan riga.

Ga yadda aikin ke tafiya. Tun kafin mai saye ya zo, cikin duhu, ana zura kowane falle cikin gidansa, wani siririn allo mai murfi da ke zamewa, don in haske ya taɓa fim ko na ƙiftawar ido ne ya mutu. In mutum ya zauna, sai mai hoto ya lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle a bayan akwatin, ya dubi gilashin baya. A can zai ga mutumin, amma kai ƙasa ƙafa sama, haka ido na gilashi ke juya abu. Sai ya yi ta matsar da zugazugin gaba da baya har fuska ta fito tas. Daga nan ya rufe idon, ya zura gidan fim a wurin da gilashin yake, ya zare murfin. Daga wannan lokaci ba ya ƙara ganin komai ta cikin akwatin. In mai zama ya gusa, ko yaro ya juya kai, an yi asara.

An ruwaito cewa babbar kyamarar da ya saya, abin da ke buɗe ido ya rufe da kansa ya lalace. Saboda haka da hannu yake cire marfin idon, ya ƙirga a ransa, ya mayar. In ya daɗe hoto ya ƙone, in ya yi gaggawa hoto ya fito ɗanye. Masu tuyar ƙosai sun san wannan ilimi: babu agogo, ido da hannu ne ke faɗa maka lokaci ya yi. Kuma hasken rana ya fi so, a tsakar gida, ko da yake yana da fitilu don masu son hoton dare. Hasken hantsi daban, na la'asar daban, na ranar hazo daban, duka sai ya auna da ido.

Kuma falle ɗaya yake kashe wa mutum ɗaya. Fim daga Turai yake zuwa, da tsada, in ya ɗauki biyu riba ta tafi. Wannan tsimi shi ya koya masa gyara komai kafin ya taɓa marfi. Yakan juya mutum ɗan gefe kaɗan, ya ɗaga masa haɓa, ya baza wa mace zanenta har ya cika hoton, ya shimfiɗa mata yatsu don lalle da zobba su fito. Wata yakan kwantar da ita a gado ta jingina da gwiwar hannu, kamar matar sarki tana hutawa. A bango ya manna samfurin hotunan da ya yi, mai saye ya duba ya nuna irin zaman da yake so, kamar yadda ake zaɓen ɗinki wurin tela.

Bayan mai zama yakan rataya ƙyalle. Na farko ma abin rufa gadonsa ne mai geza. Daga baya ya riƙa sayen yadi mai zane, ya yi shekara biyu ko uku da shi sannan ya sake wani, har ya zama da wannan ƙyalle yake tuna shekarar da ya ɗauki hoto. Masu sayar da atamfa, nan ne za ku so ku ga aikinsa. Mace ta zo da atamfa mai manyan furanni, bayanta ga yadi mai ganye, ƙasa ga tabarma ko bargo mai dara-dara, kai ka ce hayaniya za ta yi yawa, amma sai fuskar ta fito tsakiya a natse. A ganinmu wanda ya iya haɗa zane uku huɗu ba su yi faɗa ba, da ya buɗe shagon yadi ma da ya ci kasuwa.

Sannan yana da kayan aro. Akwai kwat na Turawa da taye da hula, akwai agogon hannu, alƙalami, tabarau, furen roba, rediyo, keke, babur Vespa, har da motarsa Peugeot 203 da ake jingina a jikinta. Saurayin da ba ya da ko sisi yakan sa kwat, ya soke alƙalami a aljihu, ya aika wa iyaye a ƙauye su ga birni ya karɓe shi. Wasu za su ce ai ƙarya ce. Mu dai ba mu ga laifin ba, don har gobe ana aron sarƙa a je biki, kuma kowa ya san hoto na fita kunya ne. Mata kuwa galibi da kayansu suke zuwa, wata da zannuwa kala-kala ta sake ado a wurin, da zinariyarta a kunne da wuya. Ranar Asabar da ranakun salla layi ake yi a ƙofar gidan.

In rana ta faɗi aka watse, sai rabin aiki na biyu ya fara, na ɗakin duhu. Abin da ke jikin fim wani shafi ne mai gishirin azurfa. Inda haske ya taɓa ya riga ya sake, amma ido ba ya gani sai an tsoma fallen cikin ruwan magani na farko, wanda ke baƙanta duk inda haske ya sauka. Daga nan a ɗauraye, a tsoma cikin na biyu, wanda ke cinye ragowar gishirin da haske bai taɓa ba, don hoton ya kafu, haske ya daina yi masa komai. Sannan a wanke da ruwa mai yawa, a rataya ya bushe. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin marina ya ga yadda turmi ke shiga fari ya fito da launi, ya san irin wannan jira. Kuma ƙasashenmu ba su da sauƙi ga wannan aiki. An tsara magungunan ne su yi aiki a sanyin digiri 20, alhali a Bamako ko Tawa cikin bazara ruwan randa ma ya wuce haka, sai magani ya yi sauri, shafin fim ya yi laushi. Lokacin hunturu kuma ƙura, ƙwaya ɗaya ta zauna bisa ɗanyen fim, ta zama tabo a goshin amarya.

Abin da ya fito shi ne dodon hoto, wanda masu sana'ar a nan ƙasarmu ke ce wa kilishe (ba kilishin Madawa ba, wannan ba a ci). A jikinsa komai a juye yake: baƙar fuska fara, farar riga baƙa. Don a samu hoto na gaskiya, sai a ɗora kilishen bisa takarda mai irin wancan shafi, a danne da gilashi, a kunna fitila na ƴan daƙiƙoƙi, sannan takardar ita ma ta bi ta cikin magungunan nan, wannan karo ƙarƙashin jar fitila, don takarda ba ta jin jan haske. A nan ne mutum ke ganin fuska na tasowa sannu a hankali daga farar takarda cikin ruwa. Da yake kilishen Saidu babba ne, ba ya bukatar na'urar ƙara girma: girman kilishe shi ne girman hoto. Ya buga hatiminsa a baya, mai saye ya zo ya karɓa. Wasu sukan kai wa mai sa firam, ya ɗan shafa launin zinariya a ƴan kunne ko ja a farce. In falle ya ragu a ƙarshen yini, Saidu yakan ɗauki kansa ko iyalinsa da shi, shi ya sa muka san fuskarsa.

To ga inda hankalin ɗan kasuwa yake. Mai saye takarda ya saya, ya tafi da ita. Kilishen, wanda daga gare shi za a iya buga hoto ɗari, yana wurin Saidu. Bai zubar ba. Ya jera su dubbai cikin akwatin ƙarfe, ya kiyaye su daga ƙura da laima da gara, da tunanin wata rana wani zai dawo ya ce a sake masa. Takardun da aka kai gidaje rana ta ci wasu, ruwa ya ci wasu, ƙaura ta watsar da wasu. Uwar kuɗin tana cikin akwati.

Mali ta samu ƴancin kai a 1960, shekara ɗaya da mu, Modibo Keita ya hau mulki. A 1962 gwamnati ta ɗauki Saidu ya zama mai hoton hukumar tsaro, kuma a 1963 ya rufe wurinsa na Bamako-Kura. Ya yi wannan aiki har 1977, ya ratsa juyin mulkin da Musa Tarawure ya yi a 1968, sannan ya yi ritaya. Hotunan da duniya ta san shi da su duka na shekarun nan goma sha biyar ne na tsakar gida. Kafin ya bar aikin gwamnati zamani ya riga ya juya, ƙananan kyamarori sun cika gari, hoto mai launi na tafe, samari sun koma wurin irin su Malik Sidibe da ke bin su har wurin rawa. Saidu ya koma gyaran injuna, abin da yake so tun da, ya zama tsoho cikin tsofaffin unguwa.

A 1991 aka yi wani baje kolin fasahar Afirka a birnin Niyok na Amurka. Cikin kayan da aka rataya akwai ƴan hotuna daga Bamako, an rubuta a ƙasansu cewa ba a san wanda ya ɗauka ba. Wani attajiri mai tara kayan fasahar Afirka, Jean Pigozzi, magajin masu kamfanin motar Simca, ya gani ya rasa sukuni. Ya tura wakilinsa, Bafaranshe André Magnin, Bamako da kwafen hotunan a 1992. Magnin ya nuna wa Malik Sidibe, shi kuwa kallo ɗaya ya yi ya gane hannun Saidu, ya kwatanta masa gidan. Aka tarar da tsoho da akwatinsa. Magnin ya zauna ya duba kilishe ɗaya bayan ɗaya, ya zaɓi 921, ya tafi da su Faransa.

Daga nan abu ya yi sauri. A 1994 gidan Fondation Cartier a birnin Pari ya baje hotunansa shi kaɗai, kuma a wannan shekara aka fara babban taron masu hoton Afirka a Bamako, inda aka girmama shi. A 1997 aka buga babban littafin hotunansa, aka kuma baje su a gidan Gagosian na Niyok. A 1998 mujallar ado ta Harper's Bazaar ta ba shi aiki, tsoho ya sake tsayawa bayan kyamara yana gyara wa mata zama.

Amma hotunan da aka rataya a Turai da Amurka ba irin waɗanda ya ba mutanen Bamako ba ne. Da na'urar ƙara girma aka buga su, tana haska kilishe daga sama bisa babbar takarda, wasu tsayinsu ya wuce mita ɗaya da rabi, an ƙara wa baƙi baƙi, an ƙara wa fari fari, zanen atamfa ya yi tsalle ya fito. Girman kilishen nan na 13 a 18 shi ya ba da damar haka, da ƙarami ne da hoton ya watse. An ce shi kansa da ya fara ganinsu da wannan girma ya yi murna ƙwarai. A Niyok an sayar da guda har dala 16,000, dalar Amurka fa, ba tamu ta tamma biyar ba, wato sama da miliyan 9 na sefa a canjin lokacin. Masana sun yi ta gardama: wanne ne aikin Saidu na gaskiya, ƙaramin da ya wanke da hannunsa, ko babban da wani gwani ya buga a Turai shi kuma ya sa hannu? Mu a namu gani duka biyun daga idonsa suka fito, amma abin da ya fi tsaya mana a rai daban ne. Matar da ta biya kuɗinta a 1955 don ta aika wa ƴar uwarta hoto, ba wanda ya tambaye ta kafin a rataya ta a ɗakin wani attajiri a wata ƙasa. Saidu bai rubuta sunayen masu zuwa wurinsa ba, shi ya sa har yau yawancin hotunan ba su da suna, sai shekara.

Inda kuɗi suka shiga kuwa, kun san sauran. A 2001, yana fama da rashin lafiya, Saidu ya raba gari da Pigozzi da Magnin, ya ɗauki wani dillali a Pari, Jean-Marc Patras, aka kuma kafa wata ƙungiya mai sunansa a Bamako. Aka nemi a maido da kilishe 921 ɗin nan. Aka yi ta zargin juna kan wa ke da ikon buga hotunan, da kuma kan sa hannun da ke jikin wasu takardu, magana ta kai gaban shari'a. Ba mu ne alƙalai ba, kuma kowane ɓangare yana da abin da yake faɗi: waɗancan su suka fito da sunansa daga duhu, waɗannan kuma suna cewa kaya na mai shi ne. Abin lura dai, duk rigimar ba a kan takardun da ke rataye aka yi ta ba, a kan falle-fallen nan ne da kafinta ya ƙi zubarwa shekara arba'in.

Bai ga ƙarshenta ba. Allah ya yi masa rasuwa a birnin Pari cikin watan Nuwamba na 2001, yana da shekara kamar 80. Allah ya jiƙansa.

A 2016 aka cika babban zauren Grand Palais na Pari da hotunansa kusan 300. A wannan karo, kusa da manyan da aka buga a Turai, an jera ƙananan na asali, waɗanda ya wanke da hannunsa a Bamako-Kura, wasu sun yi ja don tsufa, wasu da launin zinariyar da mai firam ya shafa a kunne, da hatimin Saidu a bayansu.